Yadda Ake Kai Ƙara Ƙasar Waje Ba a Taka Ƙofar Kotun Gida Ba

Ɗan'uwa, an zalunce ka? To, ka samu rabin kayan aiki. Aljihunka a bushe yake kuma? Alhamdulillahi, ka samu ɗaya rabin. Abin da ya rage shi ne ka gyara zama in koya maka yadda ake tsallake babbar kotu, a haure kotun ɗaukaka ƙara, a ɗaga wa kotun ƙoli hannu daga nesa, a dira kai tsaye gaban manyan hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ke can ƙetare, inda ake shari'a cikin sanyi kuma ba wanda ya san kakanka. Sakamako tabbas ne, kamar cunkoson Bata a tsakiyar Kano da azahar. An gwada wannan hanya a kan mutum guda, Malam Dabo mai gyaran fanka, kuma yana nan da ransa a Rijiyar Lemo. Kana iya zuwa ka tambaye shi, amma kada ka ce ni na turo ka.

Mataki na ɗaya: Ka samu zalunci na gaske

Kada ka ƙirƙira. Na ƙarya yana kodewa a wanki.

Malam Dabo ya daɗe da rumfarsa ta kwano a gefen Bata, yana gyaran fanka da dutsen guga. Ɗan gayu ne na ƙin ƙarawa. Ko hannunsa ya yi dumu-dumu da baƙin mai, shaddarsa tana tsaye da sitati, hula a karkace. Mutane suna ce masa Alhaji, shi kuwa bai taɓa musawa ba, duk da cewa iyakar gabas ɗin da ya taɓa zuwa ita ce Wudil.

Wata safiya a tsakiyar zafi, lokacin da kowace fanka a Fagge ke rashin lafiya kuma rumfarsa ta cika har waje, sai wata a-kori-kura ta tsaya. Wasu ma'aikatan wani kwamitin share gefen titi suka diro. Ba sanarwa, ba sallama. Dabo ya ce yana da izinin wurin, yana biyan harajinsa. Suka ce ya faɗa wa kwanon. Suka ɓaɓɓalle rumfar, suka loda fankokin mutane, suka ɗauki akwatin kayan aikinsa. Da ya riƙe hannun akwatin, shugabansu ya ce yana hana aikin hukuma. Aka cilla shi bayan mota tare da fankokin, aka kulle shi a wani ɗaki bayan ofishinsu, ya kwana a can ba tuhuma ba alƙali. Da gari ya waye aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi, kuma ya gode wa Allah.

Ya tako daga nan har Rijiyar Lemo, riga a yage, kai ba hula. Ya bi ta lunguna don kada ya haɗu da wanda ya sani. Matarsa Yakaka, wadda ta kwana tana yawon nemansa gidajen 'yan'uwa, tana ganinsa ta toshe baki da mayafi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya kalli hannuwansa, ya daɗe a haka.

Wannan shi ake kira jari. Ka riƙe shi da kyau.

Mataki na biyu: Ka guji duk shawarar da ta yi arha

Za a kawo maka ita, yawanci daga cikin gida.

Da Dabo ya ci abinci ya dawo hayyacinsa, Yakaka ta ce, "Malam, ga Jawahir 'yar Malam Abdulhafiz nan. Lauya ce, kuma ofishinsu na marasa ƙarfi ne, ba sa karɓar komai. Ka je mata mana."

"Na wa?" in ji Dabo.

"Na marasa ƙarfi."

"To ni mene ne haɗina da su?"

Yakaka ta kalli yagaggiyar rigar, ta kalli tukunyar da ta rage saura ƙanzo, ta kwashe kwanuka ta fita irin yadda matan da suka daɗe da aure suke yi.

Ga abin da bai faɗa ba. Malam Abdulhafiz abokin majalisarsa ne tun suna samari, kuma abokin gasarsa. A wannan majalisar, a gindin wata bishiyar darbejiya, Dabo ya sha faɗin cewa gyaran fanka nishaɗi ne kawai, yana da fili a hanyar Zariya, yana kuma jiran wasu kaya daga Legas da ba su taɓa isowa ba. Yanzu a ce ya je gaban yarinyar da aka yi sunanta yana wurin, ya buɗe baki ya ce shi matalauci ne, ta koma gida ta faɗa wa ubanta? Gara a sake kulle shi.

"Kotunan nan ɓata lokaci ne," ya ce da ƙarfi. "Maganata ta fi ƙarfinsu."

Ka haddace wannan jimla. Tana rufe bakin kowa, ban da na ciki.

Mataki na uku: Ka samo gwani

Gwanin Dabo shi ne Kwamared Godfrey, mai shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a Sabon Gari. Iyayensa daga wajen Zariya suka zo, shi kuwa a Kano aka yanke masa cibiya, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Bai yi karatun lauya ba, amma ya buga wa lauyoyi takardu da yawa har ya ɗauki warin abin, kamar mai aiki a gidan suya. Kuma mutum ne mai zuciya. Da ya ji labarin, ya buga teburi har na'urar ɗaukar hoto ta yi tsalle.

"Alhaji, wannan take haƙƙi ne tsantsa! Kulle mutum ba tuhuma, ƙwace kayan sana'a. Akwai hukuma ta ƙasa da ƙasa a can bakin teku, aikinsu ke nan. Ta waya ma ake tura musu."

"Yauwa!" in ji Dabo. "Ka ji magana."

"Sai dai akwai ɗan sharaɗi. Sun ce sai ka ƙure kotunan ƙasarku tukuna. Ka fara daga ƙasa, ka yi ta hawa har ka rasa wurin zuwa, sannan su saurare ka. Wai gida ya kamata a fara bai wa dama ya gyara ɓarnarsa."

Dabo ya ɓata fuska.

"Amma," Godfrey ya ɗaga yatsa, "na ji akwai ƙofar baya. In mutum talaka ne tilis, wanda ba ya iya ɗaukar lauya ko shigar da ƙara, ana iya ɗaga masa ƙafa. Sai dai kai Alhaji ne, wannan ba ta shafe ka ba."

Dabo ya leƙa waje. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya jawo kujera kusa, ya rage murya.

"Kwamared, a can ɗin, akwai wanda ya san ni?"

"Babu."

"Akwai ɗan Fagge a cikinsu? Ko wanda ya auri 'yar Fagge?"

"Da wuya."

"To rubuta musu. Ka ce ba ni da komai. Ka rubuta da manyan baƙaƙe."

Ka lura da hikimar nan: talauci kamar tusa yake, ya fi sauƙin saki a garin da ba a san ka ba.

Mataki na huɗu: Ka haɗa hujja

Godfrey ya ce magana kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗauki hoton bidiyo na gidan, a tura musu su ga halin da ake ciki. Aka sa ranar Asabar da hantsi. Kuskuren Dabo ɗaya ne: ya ce wa Yakaka baƙo zai zo ya ɗauki hoton ɗakinta a kai wa mutanen ƙasar waje, bai faɗa mata dalili ba.

Yakaka 'yar gidan mutanen Barno ce da suka daɗe a Fagge, kuma a gidansu ba a nuna wa baƙo ɗaki haka nan. Kafin Asabar ta zagaya maƙwabta. Ta aro kafet a gidan amarya, kujerun kushin a gidan mai unguwa, labule mai walƙiya, talabijin mai faɗin ƙofa, har da firjin da ba ya aiki amma yana da kyan fuska. Ta turare ɗakin da turaren wutar da take haɗawa tana sayarwa, har ƙamshi ya kai titi.

Dabo ya fita tun da safe ya taho da Godfrey. Shi ma, da ya ji za a ɗauki hoto, jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai: ya zura babbar rigarsa ta Sallah. Suna ɗaga labule, su biyun suka tsaya cik.

"Alhaji," in ji Godfrey, "gidan wa muka shigo?"

"Sannu da zuwa," in ji Yakaka, tana ajiye faranti cike da dabino da lemo. "A ɗauka da kyau, Kwamared. Kada su ce a rami muke kwana."

Godfrey ya ga ba zai yi asarar kuɗin adaidaita sahu ba, ya ɗaga waya. Dabo ya zauna a kan kushin, bayansa talabijin, gefensa firji, ya gyara hannun riga, ya ce cikin murya mai rauni, "Ni bawan Allah ne da ba shi da abin da zai ci." Sai ya miƙa hannu ya ɗauki dabino, don bakinsa ya bushe.

Mataki na biyar: Ka sake haɗa hujja

Da aka yi wa Yakaka bayani ta ce, "Au, tallan talaucinmu za ka kai ƙetare? Da ka faɗa ai da ban wahalar da kaina ba, muna da shi a gida."

Aka mayar da kayan aro. Godfrey ya ce a fitar da na gidan ma, don hoton ya yi ƙarfi. Suka kwashe katifa, akwatin ƙarfe, kwanuka, suka jibge a tsakar gida, aka bar tabarma ɗaya. Maƙwabta suka ga ana fitar da kayan ɗakin Yakaka da rana tsaka, kafin la'asar labari ya kai Kurna cewa Malam Dabo ya saki matarsa. Yayyenta mata suka iso a adaidaita sahu ɗaya, ko wacce da maganar da ta tanada tun ranar ɗaurin aure. Suka tarar da mijin zaune a kan tabarma da tsohuwar singileti yana wa waya kuka.

Ya sha bayani har magariba. Bai iya faɗin gaskiya ba, sai ya ce fenti za a yi.

Aka tura hoton na biyu. Ka tabbatar gwaninka ya goge na farko. Godfrey ya ce ya goge.

Mataki na shida: Ka jira cikin mutunci

Jira shi ne zuciyar shari'ar ƙasa da ƙasa. A nan ne za ka ci ribar abin.

Dabo ya koma majalisa da sabon matsayi. In aka tambaye shi maganar rumfa sai ya ce, "Tana hannun manya a waje." In wayarsa ta yi ƙara sai ya duba ya ce, "A'a, na gida ne," ya mayar aljihu. Malam Abdulhafiz ya ce masa, "Dabo, Jawahir tana gaishe ka." Dabo ya ce, "Ina amsawa. Ka ce mata ta dage, wata rana ita ma za ta kai matakin waje."

Amma a gida lissafi ya canza. Ba rumfa, ba kayan aiki. Ya ari sukundireba da filaya yana bin gidaje, yana gyara a tsugune a zaure, shi da a da ake layi a gabansa. Turaren Yakaka ne ke ɗora tukunya, kuma ba kullum ba. Masu fankoki kuwa suna ta sintiri. Wadda ta fi matsa masa ita ce Madam Rhoda, mai gidan abinci a Sabon Gari, wadda babbar fankarta ta tsaye tana cikin waɗanda aka kwashe.

"Alhaji, masu cin tuwona gumi suke zubawa a miya. Ina fankata?"

"Madam, ki kwantar da hankalinki. Fankarki yanzu magana ce ta ƙasa da ƙasa."

"Ni ban aike ta ƙasa da ƙasa ba. Bata na kawo ta, nan bayan kasuwa. Kuma na ji tana nan a harabar ofishin mutanen, ruwan farko ya kusa sauka a kanta. Kai kana jiran teku, kayanka suna nan inda za ka je da ƙafa."

Kada ka amsa irin wannan magana. Ka yi murmushin wanda ya san abin da ba a sani ba.

Mataki na bakwai: Ka karɓi amsa da ƙarfin zuciya

Damina ta shiga sosai kafin amsa ta zo. Godfrey ya kira shi shago, ya ba shi kujera, ya saya masa ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Dabo ya gane.

"Karanta."

Godfrey ya riƙa karantawa a waya yana juya masa da Hausa. Sun ce sun ji tausayin abin da ya same shi, kuma in gaskiya ne, babban laifi ne. Sun ce ba za su duba ƙarar yanzu ba. Sun ce talauci yana iya zama uzuri, amma ba da faɗa da baki kawai ba. Sai mutum ya nuna cewa ya nemi lauyan kyauta an hana shi ko babu, ya roƙi a yafe masa kuɗin shigar da ƙara an ƙi, ko kuwa kotun tana nan amma ba ta da wani amfani ga irinsa. Sun ce ba a cewa ƙofa a kulle take sai an tura ta. Suka tambaya: wace ƙofa ya tura?

"Akwai saura," in ji Godfrey yana sosa ƙeya. "Sun ce hotuna biyu suka samu, suna so su san wanne ne gidanka."

Dabo bai ko yi faɗa ba. Ya ajiye ruwan.

"Kwamared, su waɗannan mutanen sun taɓa zuwa kotu da yunwa? Ranar da na je kotu, ranar ba a ɗora tukunya a gidana. In aka ɗage, an ɗage cin abincina ne. Shi wanda ya rushe min rumfa, lauyansa albashi yake ci ko an zauna ko ba a zauna ba. Sai na hau bene hawa-hawa da ƙafar da aka karya, sannan su yarda ta karye?"

Godfrey ya kife wayar a kan teburi.

"Wallahi maganarka gaskiya ce, Alhaji. Da ni ne su, da na tsaya na yi tunani. Amma tasu ma ba ƙarya ba ce. Ba ka je ba. Ba hana ka aka yi ba. Kuma laifina ne da ban tura ka ba tun farko, daɗin babbar ƙara ya ɗebe ni."

In gwaninka ya fara faɗin gaskiya, ka canza gwani. Dabo bai canza ba, kuma daga nan ne ya fara sauka daga kan tsarina.

Mataki na takwas: Kada ka saurari matarka

Ya saurara.

Ba ta ma yi dogon bayani ba. Ta goge masa riga, ta ajiye a kan gado, ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka faɗa wa mutanen da ba su san ka ba, ba su yarda ba. Je ka faɗa wa waɗanda suka san ka."

Ofishin su Jawahir ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani a Fagge, wasu lauyoyi ne suka haɗu suke aikin sa-kai. Dabo ya wuce ƙofar ya dawo, ya sake wucewa kamar mai neman wani gida. Daga ƙarshe ya hau. Jawahir tana ganinsa ta miƙe, ta rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Ina Inna Yakaka?"

Ya zauna. Ya yi maganar zafi, ya yi ta ruwan sama, ya tambayi lafiyar kowa a gidansu har kaji. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce dokar ofishinsu sai mutum ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da halin ɗaukar lauya.

Ya kalli silin. Ya kalli takalminsa.

"'Yata," ya ce, "filin nan na hanyar Zariya..."

"Baba, ba sai ka yi wannan ba."

"Babu shi. Kayan Legas ma babu. Rumfar nan ita ce duk abin da nake da shi."

"Mun sani, Baba."

"Ku wa?"

"Kowa. Tun ranar da abin ya faru babanmu ya ce in zo in same ka. Sai kuma ya ce a'a, in bari ka zo da kanka, kada ka ji kunyarsa. Kullum sai ya tambaye ni ko ka zo."

Dabo ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana zuba a majalisa, ashe mutanen nan sun sani, suna gyaɗa kai ne kawai don su rufa masa asiri. Ya rasa ko ya ji haushi ko ya gode. Ya zaro hankici ya ce ƙura ce ta shiga idonsa, alhali ruwa ake yi a waje.

Jawahir ta ce za su shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin sauƙi ba. "Mutanen can suna da gaskiya rabi. Akwai waɗanda ko kuɗin motar zuwa nan ba su da shi, akwai garuruwan da ba irin ofishinmu. Su talauci ya rufe musu ƙofa da gaske, kuma ya kamata a saurare su. Kai taka a buɗe take, nauyi ne da ita. Mu tura tare. In ta ƙi, duk abin da ya hana ta buɗuwa zai zama hujjarka a can."

Mataki na tara: In ƙaddara ta kai ka kotu, ka yi fatan a wulaƙanta ka

Da farko abin ya yi kyau. Zaman farko mai shari'a ya tafi taro. Na biyu lauyan kwamitin bai zo ba. Wani zaman aka ce fayil ɗin ya yi tafiya, ba a san inda ya nufa ba. Akwai ranar da Dabo ya taka da ƙafa saboda ba kuɗin mota, ya isa jiƙe sharkaf, aka ce an ɗage. Ya dawo gida ba aiki ba shari'a, suka sha kunu suka kwanta. Duk ɗagewar da aka yi, ransa ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyarsa wani abu yana cewa: ga hujja tana taruwa.

Sai aka wayi gari kowa ya zo. Madam Rhoda ta rufe shago ta zo ba da shaida, ta yi bayanin fankarta kamar mai neman ɗan da ya ɓata. Godfrey ya zo da kwat. Malam Abdulhafiz ya zauna a bencin baya.

Lauyan kwamitin ya miƙe ya ce in da gaske an cuci mutumin nan, me ya sa ya yi watanni bai zo kotu ba? Mai shari'a ya sauke tabarau ya kalli Dabo.

"Malam, ka ji tambaya."

Dabo ya waiwaya bencin baya, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, abu biyu ne. Ba ni da shi, ɗaya ke nan. Na biyu, ina jin kunyar a san ba ni da shi. Na farkon su suka ƙara min. Na biyun nawa ne."

Lauyan kwamitin ya duba takardunsa kamar amsar tana ciki. Da aka tambaye shi takardar sanarwar rushewa, babu. Da aka tambaye shi wace doka ta ba su ikon kulle mutum ya kwana, ya ce zai bincika.

Ranar hukunci, mai shari'a ya ce tsarewar haramtacciya ce, kwashe kayan ma haka. Ya ba da umarnin a mayar da komai, a kuma biya diyya.

Mataki na goma: Ka san haɗarin da ke gabanka

Kayan sun dawo a bayan wata a-kori-kura, rabi sun yi tsatsa, amma akwatin aiki yana nan. Dabo ya samu wani ɗan lungu kusa da tsohon wurinsa ya kafa teburi, masu fankoki suka fara dawowa ana ta yi masa barka. Da abubuwa suka lafa, ya sa riga ya tafi wurin Jawahir cikin fara'a.

"To 'yata, na tura ƙofa, na shiga, na fito. Yanzu na ƙure kotun gida ke nan. Yaushe za mu koma wa mutanen waje?"

"Ba za mu koma ba, Baba."

"Saboda me?"

"Saboda ka yi nasara. Wanda gida ya share wa hawaye ba ya kai kuka waje."

Dabo ya zauna a hankali. "Wato da na faɗi, da na samu hanya?"

"Da ka faɗi nan, ka faɗi a ɗaukaka ƙara, ka faɗi a ƙoli, to da ka samu."

"Amma diyyar ai ba su biya ba."

"Za mu bi ta. In suka ƙi, muka bi duk hanyar tilasta su, ita ma ta gagara, to a nan akwai magana."

Idanun Dabo suka yi haske.

Har yau da nake rubuta wannan, diyya ba ta fito ba, Jawahir tana ta bi. A gidan Malam Dabo kuwa addu'a biyu ake yi bayan kowace sallah. Yakaka a ɗaki tana roƙon Allah Ya sa su biya kafin azumi. Dabo a zaure yana cewa, "Ya Allah, Ka zaɓa mana mafi alheri," da wata irin murya da ta sa matarsa ta fara zarginsa. Rannan ta leƙo ta ce, "Malam, wane alherin kake nufi?" Ya shafa addu'a da sauri ya ce shi bai ambaci suna ba.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba lauya ba ne, ba ɗan lauya ba, bai kuma taɓa shiga kotu ba sai don fake wa ruwa. Duk wanda ya bi matakan nan aka dawo masa da ƙararsa, ko dangin matarsa suka cika masa gida, ko 'yan majalisarsu suka daina gyaɗa masa kai, shi ya jiyo. Wanda kuma ya kauce wa tsarin, ya je kotun gida ya yi nasara ya rasa damar zama sananne a duniya, kada ya zo min da kuka. Mai ƙorafi a kaina yana da 'yancin kai ni ƙara ƙasar waje, bayan ya gama da mai unguwa, da kotun nan ta kusa, da ta sama da ita, da ta saman wannan. In ya ce ba shi da hali, ofishin yana saman kantin magani, hawa ɗaya ne, ƙofar ba a kulle take ba.